Wasiƙa ta Biyu zuwa Aujara

Litinin, 15 ga Mayu, 2000. Ƙarfe biyar da kwata na yamma.

Yau sati uku cif da na fara aiki a ofishin Barista Silas a nan Dutse, kuma yau ne ya miƙo mini littafin lokaci. Dogon littafi ne mai layi huɗu: rana, sunan mai ƙara, abin da aka yi, da tsawon lokacin da aka ɗauka. Ya ce a aikin lauya awa kashi goma ce, minti shida-shida. Na ce, "Barista, wa ya yanka ta haka?" Ya ce masu biya.

Masu biyan kuwa wata ƙungiya ce a Kano da ke taimaka wa manoman da ba su da halin ɗaukar lauya. Manomi ya zo mu yi masa aiki, ƙarshen wata mu aika musu da awoyin da muka yi. Su ke riƙe da ofishin nan: ɗaki biyu, fanka ɗaya, da tsohuwar tafireta mai ƙarar injin markaɗe.

A hanyar gida na sayi wannan ɗan littafin nawa, don akwai abubuwan da ba su da layi a wancan.

Laraba, 17 ga Mayu. Ƙarfe biyu saura kwata.

Wasiƙata ta farko. Na buɗe ta yadda duk 'yar mutunci ke buɗe wasiƙa: gaisuwa mai yawa, da fatan iyali lafiya, da fatan damina mai albarka. Barista ya karanta, ya cire tabarau, ya dube ni.

"Zulfa, mutumin nan kotu muke shirin kai shi, ba biki muke gayyatar sa ba."

Ya ce wasiƙar lauya ba ta gaisuwa. Lamba da kwanan wata a sama, batu a layi ɗaya, abin da ya faru, abin da muke so, sai kwanakin da muka bayar. Sau huɗu na buga ta kafin ya sa hannu. Na ji haushi ƙwarai, har na ƙi cin abincin rana don ya gani. Bai ma lura ba.

Wasiƙar ta wani dattijo ce daga Aujara, Malam Sale. Ya ce wani mai suna Ɗan'inna ya riƙe masa gona ya ƙi saki, iyakar abin da ya faɗa ke nan. Muka rubuta wa Ɗan'inna da Turanci cewa ya fita cikin kwana bakwai ko mu haɗu a kotu. Sunan mutumin tsirara a sama, ba Malam ba komai. Abin ya tsaya mini a rai, amma ni wace ce.

Talata, 23 ga Mayu. Ƙarfe goma sha ɗaya na safe.

Rikicin addini ya sake ɓarkewa a Kaduna. Mai shagon fentin da ke jikinmu ya ƙure rediyonsa tun safe. Matar Barista, Maman Becky, ta zo suka rufe ƙofa. Da ta fito ba ta tsokane ni kan gyalena ba kamar yadda ta saba.

Alhamis, 25 ga Mayu. Bayan magariba.

Yaya Abdulrauf, wana da nake zaune a gidansa, ya tambaye ni har yaushe zan yi aiki a wurin nan. Ya ce, "Ni ban ce komai ba, amma mutane na magana." Na ce mutanen su zo su taya ni buga wasiƙa, akwai kujera. Ya ce bakina zai ja mini wata rana. Ya daɗe yana faɗa.

Juma'a, 26 ga Mayu. Azahar.

Ba wanda ya zo. Ni da fanka.

Talata, 30 ga Mayu. Ƙarfe takwas na safe.

Allah ya sa na riga Barista zuwa. Na ari bokiti a shagon fenti na wanke ƙofar tas. Rubutu aka yi mana a kai da gawayi, bai yi wuyar fita ba. Abin da aka rubuta ba zan maimaita shi a nan ba.

Alhamis, 1 ga Yuni. Ƙarfe huɗu da rabi.

Yau mun yi faɗa.

Barista ya haɗa awoyin Mayu. Rabin watan da shi ya rubuta, awa talatin da ɗaya. Rabin da na riƙe, awa sha biyu. Ƙungiyar kuwa ta ce duk ofishin da bai kai awa sittin a wata ba, sau biyu a jere, za ta ɗauke aikin ta kai wani wuri.

Ya ce, "Ina awoyin suka tafi? Mutane suna wuni a kan bencin nan."

Na ce ina fara ƙirga ne idan mutum ya shiga magana, in daina idan ya miƙe.

"Gaisuwar fa? Mutanenki sai su yi rabin awa suna tambayar gajiya da kaji da awaki."

"Barista, ni ba zan sayar da gaisuwa ba."

"Lokacinmu ne suke ci!"

"In baƙo ya zo gidanku a Pankshin, kuna duba agogo kafin ku ba shi ruwa?"

Na san na wuce gona da iri. Ya murza ido. Sai ya ce Maman Becky so take su koma gida gaba ɗaya, kuma abin da kawai yake riƙe ta da shi shi ne akwai aiki a nan. In Yuni ma ya zo haka, ƙungiya ta janye, ba shi da abin da zai gaya mata. Daga nan ya sa na buga wasiƙa zuwa ga mai gidan da muke haya, ta sanarwar tashi. Ya ce in bar wurin kwanan wata a buɗe, in sa ta a durowa.

Wannan karon bai gyara mini ko harafi ɗaya ba. Da ma ya gyara.

Asabar, 3 ga Yuni. Hantsi.

Barista da iyalinsa sun tafi Pankshin. Zai kai su ya dawo nan da sati biyu, in ji shi. Zai riƙa bugo waya Talata da Juma'a ƙarfe goma daga ofishin wani abokinsa. Ofis yana hannuna. Tsoro nake ji, ba ƙarami ba.

Talata, 6 ga Yuni. Ƙarfe uku na rana.

Bari in rubuta wannan tun yana da zafi.

Malam Sale ya zo. Muka gaisa, muka sake gaisawa. Ya sha ruwa, ya tambayi Barista, ya tambayi mutanen Kiyawa da ya ji can ne garinmu. Na ce yaya maganar gona? Ya ce, "To, alhamdulillahi, mun gode, Allah ya saka." Ya ɗauki sandarsa. Na rufe littafi ban rubuta komai ba, raina a ɓace: tun daga Aujara don a ce mini an gode.

Da yake ƙafarsa ba ta da ƙarfi, kuma ba mai kira na a ofis, sai na raka shi bakin titi ya hau motar Jahun. Muna tsaye ƙarƙashin dalbejiya, yana kallon kwalta, ya ce, "'Yar nan, takardar nan taku ta yi ɓarna."

Ashe Ɗan'inna ɗan wansa ne. Shi ya riƙe shi tun yana maraya, shi ya yi masa aure. Shekara shida da suka wuce ciwon ƙafa ya kwantar da Malam Sale, ya ba shi aron gonar. Ɗan'inna bai yi boko ba. Da wasiƙarmu ta isa, sai ya kai wa malamin firamare a majalisar ƙofar masallaci, shi kuma ya karanta da ƙarfi yana fassarawa, gaban kowa. Suna tsirara, kwana bakwai, kotu.

"Da ma ya fara saukowa," in ji Malam Sale. "Ya ce wa matarsa bana kaɗai zai ƙara. Yanzu ya rantse a gaban jama'a ba zai fita ba sai dai a ɗaure shi. Ni kuwa ba zan iya tsayawa da yaron nan gaban alƙali ba. Me zan ce wa ubansa ranar gobe?"

"Baba, me ya hana ku gaya wa Barista tun farko?"

"A ofis? Ga baƙo, ga ki kina ta leƙen agogo? Haba 'yar nan. Ai ba a nan ake irin wannan maganar ba."

Motoci uku suka wuce bai tsayar da ko ɗaya ba. Da na dawo na duba agogo, minti hamsin da huɗu. Na buɗe littafi na rubuta: ganawa da mai ƙara a bakin titi. Tun da na zo ofishin nan ban yi aikin da ya kai wannan ba.

Laraba, 7 ga Yuni. Safiya.

Kunya ce ta ishe ni. Ni da na tashi ina ganin Inna: baƙuwa ta wuni ana hira, sai an ɗauki mayafi an kai soro sannan a ji abin da ya kawo ta. Na san wannan sarai. Agogo ne ya mantar da ni. Mutum nawa na bari suka fita da maganarsu a ciki?

Daga yau duk wanda ya zo sai na raka shi.

Juma'a, 9 ga Yuni. Ƙarfe goma da rabi.

Barista ya bugo, layin yana ta ƙugi. Na gaya masa komai.

"To me kike so ki yi?"

Na ce in sake rubutawa, da Hausa. A ƙauye wasiƙa ba ido ke karɓar ta ba, kunnen gari ne. A ba mutumin nan hanyar da zai sauka ba tare da an yi masa dariya ba.

Ya ce ya yarda, amma abu uku ba sa fita: gonar ta Malam Sale ce, aro ne, da ranar da za a mayar. "Sauran naki ne. Amma sai na ji ta kafin ta fita."

Ban tambaye shi yaushe zai dawo ba. Ban buɗe durowar ba.

Lahadi, 11 ga Yuni. Bayan la'asar.

Na zaunar da Yaya Abdulrauf a tsakar gida na ce shi ne Ɗan'inna, ni ce malamin firamare. Ya ce ba ya son shirme, amma ya zauna. Ina cikin karantawa ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Kin ce 'dole ka mayar'. In ni ne, nan zan kaɗe riga in tashi."

Na gyara. Ya sake tsayar da ni: "Shekara shida mutum yana kai taki, ba wanda zai ce masa sannu?" Wannan ban yi tunanin sa ba. Sau bakwai muka bi ta, har matarsa ta ce tuwo zai huce. Yana wanke hannu ya ce, "Ashe aikin naku ba sharri kaɗai ba ne." Daga bakin Yaya wannan lambar yabo ce.

Talata, 13 ga Yuni. Ƙarfe goma sha ɗaya.

Na karanta wa Barista ta waya. Ga ta, don kada ta ɓace mini:

"Zuwa ga Malam Ɗan'inna, Aujara. Bayan gaisuwa, da fatan an shiga damina lafiya. Baffanka Malam Sale ya shaida mana cewa shekara shida ke nan kana riƙe masa gonarsa tun da ciwo ya kwantar da shi. Ka kai mata taki, ba ka bari ta mutu ba. Ya ce a rubuta cewa ya gode. Gonar tasa ce, aro ya ba ka, kamar yadda dattawan unguwa suka sani. Bukatarsa ita ce ka noma ta bana ka kwashe amfaninka, ranar ɗaya ga Disamba ka damƙa masa ita a gaban mai unguwa."

A ƙarshe na sa cewa muna ba da haƙuri kan wasiƙar farko. Barista ya ce sam, lauya ba ya ba da haƙuri a rubuce. Muka ja, muka ja, muka tsaya a kan "wannan wasiƙa ta maye gurbin ta farko". Sai ya ce, "Ki sa hannu a madadina, ki buga hatimi."

Sau uku na gwada sa hannun a bayan tsohon ambulan kafin in taɓa takardar.

Alhamis, 15 ga Yuni. Magariba.

Yaya ya kai ni Aujara a babur ɗinsa, ba tare da na roƙa ba. Mai unguwa ya sa aka kira Ɗan'inna da malamin nan dai na farko. Na ɗauka zan ga wani ƙato mai jan ido. Siriri ne, da ƙasa a ƙafarsa, ya kasa kallon kowa.

Aka karanta. Da aka gama ya ce, "A sake karanta wurin takin nan." Aka sake. Ya karɓi takardar ya ninke ya sa a aljihu, ya ce zai yi shawara. Shi ke nan.

Ban san ko na gyara ko na ƙara ɓatawa ba. Tafiya da dawowa da zama, awa huɗu da minti sha biyu.

Asabar, 17 ga Yuni.

An yi ruwa mai ƙarfi. Sati biyu sun cika, Barista bai dawo ba.

Litinin, 19 ga Yuni. Azahar.

Shiru daga Aujara. Ban buɗe durowar ba.

Laraba, 21 ga Yuni. Ƙarfe biyu.

Sun zo tare! Ɗan'inna ne riƙe da jakar Malam Sale. Na buga yarjejeniya kwafi uku, na karanta musu a hankali, suka dangwala yatsa, mai shagon fenti ya zama shaida. Don murna na sa takardar kabon a juye, sai da na sake bugawa.

A bakin titi Ɗan'inna ya ja baya kaɗan ya ce, "Malama, akwai yayar matata, Luba. Maganar gado ce da 'yan'uwanta. Za a iya yi mata irin wannan takardar, mara zagi?"

Na ce ta zo.

Talata, 27 ga Yuni. Ƙarfe biyar.

Luba ta zo, ta kuma zo da wasu. Jiya mutum biyar, yau huɗu, har da na Jahun. Labari ya bazu wai akwai ofis a Dutse da ke rubuta takarda ba a ɓata zumunci. Abin da ya fi ƙarfina ina rubutawa in jira wayar Barista. Kowa sai na raka shi, har maɗaurin takalmina ya tsinke. Mai shagon fenti ya ce in nemi aiki a tasha kawai.

Gaisuwa dai har yanzu ba na sa ta. Daga inda magana ta fara nake ƙirgawa, ko a kan benci ko a ƙarƙashin dalbejiya.

Juma'a, 30 ga Yuni. Ƙarfe goma sha biyu.

Awa hamsin da bakwai da minti talatin da shida. Sau uku na haɗa, haka ta fito. Saura awa biyu da minti ashirin da huɗu.

Gaisuwar watan nan kuwa, in da zan sa ta, ta fi awa tara. Na daɗe riƙe da biro. Wallahi na yi niyya.

Barista ya bugo, na faɗa masa. Ya ce, "Zulfa, awa biyu ce fa. Kin san abin da ke kanta." Na ce na sani. Na ce ofis nasa ne, in ya ce a sa, ya dawo ya sa da hannunsa, ni dai hannuna ba zai iya ba.

Ya ja dogon numfashi. "Kin fi matata Justina taurin kai. Aika yadda yake. Amma ki haɗa da wasiƙa, ki gaya musu abin da awoyin suka yi."

Na rubuta ta da Turanci, irin tasa: lamba, batu, abin da ya faru, abin da muke so. Rigima huɗu da aka kashe ba a je kotu ba, fayil tara da aka buɗe, da dalilin da ya sa ake ganawa a bakin titi. Na faɗa musu a fili cewa ba mu kai sittin ba. Na kai tasha da kaina na ba direban Kano.

Laraba, 5 ga Yuli.

Shiru daga Kano. Na share ofis sau biyu.

Juma'a, 7 ga Yuli. Ƙarfe goma da kwata.

Wayar ba ta yi ƙara ba yau. Na zauna kusa da ita har ƙarfe ɗaya.

Litinin, 10 ga Yuli. Ƙarfe huɗu na yamma.

Na iso da safe na tarar da ƙofa a buɗe, gabana ya faɗi. Ashe Barista ne, ya rame, yana zaune yana bin littafin lokaci layi-layi. Ta Kano ya biyo ranar Juma'a, shi ya sa bai bugo ba. Ƙungiyar ta ƙara mana wata shida. Sun ce ma a aika musu da kwafin wasiƙar Aujara, sauran ofisoshinsu su gani.

Na tsaya riƙe da jaka, na kasa tambayar abin da nake son tambaya. Wata shida na ƙungiya daban, zuciyar Maman Becky daban.

Ya ce, "Zauna, akwai wasiƙa." Na sa takarda a tafireta.

"Zuwa ga shugabar makarantar su Becky ta nan Dutse. Ki ce 'yarmu za ta dawo aji huɗu farkon zango mai zuwa, a ajiye mata gurbinta." Ya mayar da tabarau ya ci gaba da duba littafi. "Ki sa gaisuwa. Da yawa."

Minti shida na yi na buga ta. Sai da na sake wata, don ta farkon ta jiƙe da hawaye.